Kabon-14: a gasa shi cikin tangaran, a zuba masa siminti, ko a bar wa iska?

Malam Nasiru
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani abu ya tsaya mini a rai tun jiya, na ce bari in kawo shi gaban manya. Ina shirya wa ɗalibaina darasi kan sharar nukiliya, sai na ga cewa a masana'antun da ke sake tace sandunan yuraniyom bayan sun gama aiki, sharar da ta fi kowace hatsari narkar da ita ake yi cikin gilashi. Amma wai kabon-14 ba ya zama cikin gilashin, shi kaɗai ake ta nema wa wani tangaran na daban. Me ya sa? Abin da ya riƙe siziyom da sitironshiyom, ta yaya zai kasa riƙe ɗan kabon? Kabon fa shi ne gawayi, shi ne bakin fensir.

Auwal
Wa alaikumus salam. Malam, ba shi ne wanda ake auna shekarun tsofaffin ƙasusuwa da shi ba? Ni ban taɓa jin an ce yana da wata illa ba.

Dakta Hadiza
Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Amsar tana cikin yadda kabon ɗin ke fitowa. Idan aka kawo sandunan, yayyanka su ake yi gutsure-gutsure a zuba cikin asid mai zafi na nitirik, yuraniyom da fulutoniyom su narke a ware su. A nan kabon-14 da ke cikin man nukiliyar, wato yuraniyom ɗin sandunan, yake haɗuwa da oksijin ya tashi sama a matsayin iskar CO2. Tun kafin a je maganar gilashi ya riga ya bar tukunya, yana cikin bututun hayaƙi.

A ce ma ka tare shi ka mai da shi gari, wato kabonet, ka zuba a cikin narkakken gilashi. Gilashin nan ana dafa shi ne a wajen digiri 1,100. Kabonet na shiga zai rabu, CO2 ta yi kumfa ta gudu. Masu yin gilashin taga da kwalba ma da gangan suke zuba soda da farar ƙasa, sun san iskar za ta fita ta bar musu abin da suke so. Siziyom da sitironshiyom ƙarafa ne, suna samun gurbi cikin gilashi su zauna. Kabon kuwa da ya ji wuta sai tafiya.

Auwal, shi ne dai. Martin Kamen da Sam Ruben suka gano shi a Berkeley a 1940, Willard Libby kuma ya samu kyautar Nobel a 1960 saboda dabarar auna shekaru da shi. Abin da ya sa ya yi amfani a can shi ne ya sa ya zama ƙarfen ƙafa a nan: sai ya yi shekara 5,730 kafin rabinsa ya ƙare, kuma duk wani abu mai rai yana ɗaukar sa, don jiki bai san bambancinsa da kabon na yau da kullum ba.

Malam Nasiru
Na gode Dakta, Allah ya ƙara sani. Amma daga ina yake shiga man tun farko? Na san ba daga tsagewar yuraniyom yawancinsa yake zuwa ba.

Dakta Hadiza
Akasari daga nitirojin. Ɗan abin da ya maƙale cikin man ko cikin kwanson ƙarfen zakoniyom da ke lulluɓe man lokacin ƙera su, idan niyutiron, 'yar ƙwayar da ke fitowa daga tsagewar yuraniyom, ya buge shi sai nitirojin-14 ya koma kabon-14. Akwai kuma oksijin-17, shi ya sa tashoshin Kanada masu amfani da ruwa mai nauyi suke samar da shi fiye da saura. Sai kabon-13 a tashoshin da ke da tubalan girafait.

Alhaji Garba
Ku yi haƙuri 'ya'yana, ni tsoho ne, kuma na yi shekaru ina aikin auna radiyeshin kafin in ajiye aiki. Wannan magana ta tangaran ni ina ganin neman aiki ne. Kowane ɗayanmu da ke rubutu a nan yana ɗauke da kabon-14 a jikinsa tun ranar da aka haife shi, a jikin babba ya kai bekarel (ma'aunin radiyeshin) dubu uku zuwa huɗu. Sama tana ƙera shi kullum, haskoki daga sararin samaniya suna bugun nitirojin. Gwaje-gwajen bam na shekarun 1950 zuwa 1963 sun kusa ninka wanda ke cikin iskar arewacin duniya, teku da itatuwa suka shanye, yau ya sauko. Radiyeshin da yake fitarwa kuma ba ya ko kai santimita 30 a iska, takarda ma tana tare shi. Faransa a masana'antarta ta sake tace mai da ke La Hague sakin sa take yi cikin iska da teku bisa iyakar da hukuma ta gindaya, maƙwabtan wurin kuma abin da suke samu ɗan ƙanƙani ne a kan wanda Allah ya riga ya ɗora wa kowa. To a kan me za a gina tanderu na biliyoyi?

Zulaihat
Baba, ɗan hakin da ka raina fa...

Alhaji Garba
Na san ƙarshen karin maganar, 'yata. Kawo mini lissafi.

Dakta Hadiza
Baba, duk abin da ka faɗa haka yake, ban da ja. Inda muka rabu shi ne tsawon zamani. Wanda aka saki yau ba ya tsayawa a bakin masana'anta, yana zagaya duniya, ya shiga hatsi, ya shiga nono, ya yi ta juyawa shekaru dubbai. Kowa ɗan mitsitsi yake samu, amma kowa ɗin nan ya haɗa da mutanen da ba su amfana da wutar da ko fitila ɗaya ba, da waɗanda ba a haifa ba.

Alhaji Garba
Wannan lissafin na san shi. A ɗauki ƙura-ƙurar da ba ta kai komai ba, a ninka da mutum biliyan goma, a sake ninkawa da shekara dubu goma, sai a fito da gawarwaki a takarda. Hukumar ICRP da kanta, mai ba duniya shawara kan kariya daga radiyeshin, a shawarwarinta na 2007, ta ce ba daidai ba ne a yi haka don ƙirga mace-mace. Ni na fi jin tsoron ma'aikacin da za a sa ya riƙa sarrafa tataccen abin a ɗaki guda. Shi nasa kason na gaske ne, ana iya auna shi a ƙirjinsa.

Dakta Hadiza
Na yarda ba a ƙirga gawa da shi. Amma hukumar ba ta ce a daina rage abin da za a iya ragewa ba. Kuma Baba, lissafinka ya tsaya ne a kan masana'antu 'yan ƙalilan da ake da su yau: La Hague, Mayak a Rasha, wasu a Indiya, ta Rokkasho a Jafan da aka yi ta ɗage buɗe ta. Idan ƙasashe suka koma sake tace mai gadan-gadan, kowa kuma ya ce nasa kaɗan ne, to ba a fafe gora ranar tafiya.

Injiniya Bashir
Ni tsakiya nake. Ban yarda a saki ba, ban kuma ga dalilin tangaran ba, don an riga an yi maganin abin da siminti, kuma ya yi aiki. A masana'antar THORP da ke Sellafield a Ingila, wadda ta fara aiki a 1994 ta daina tace mai a 2018, hayaƙin tukunyar asid ana bi da shi ne ta cikin ruwan soda mai kaifi. Sodar ta kama CO2. Sai a zuba gishirin bariyom, nan take farin laka ya kwanta a ƙasa, bariyom kabonet ke nan. A kwaɓa lakar da siminti a cikin durom na ƙarfe mara tsatsa. Ba wuta, ba matsi, ba wata na'ura da ba a saba da ita ba. Shekara ashirin da huɗu ana yi.

Kuma siminti abokin kabonet ne. Ruwan da ke cikin ramukansa alkali ne mai ƙarfi, ma'auninsa na pH (na ruwa zalla 7 ne) ya haura 13 da fari, sannan ya daɗe a 12.5. Cike yake da kalsiyom. Duk kabonet ɗin da ya ce zai motsa, kalsiyom ya cafke shi ya mai da shi kalsait, dutsen farar ƙasa. Ai kankaren gadoji ma haka yake shan CO2 daga iska, har mu injiniyoyi muke kuka da shi saboda rodi.

Malam Nasiru
To Dakta, in haka ne me ya rage?

Dakta Hadiza
Abin da ya rage shekaru ne, Malam. Kafin kabon-14 ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin dubu sai ya yi rabin-rai goma, shekara 57,300. Injiniya, don Allah wane siminti ka sani da ya kai ko dubu uku? Na Rumawa da ake kafa misali da shi dubu biyu ne. Siminti kamar soso yake, ruwa na ratsa shi, a hankali ya wanke alkalin. Yana tsagewa in ya bushe, yana tsagewa in ƙarfen da ke cikinsa ya yi tsatsa ya kumbura. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sannan bariyom kabonet yana da maƙiyi, salfet. Ruwan ƙarƙashin ƙasa da yawa yana ɗauke da shi. Bariyom ya fi son salfet a kan kabonet nesa ba kusa ba, da sun haɗu sai ya saki kabonet ya rungumi salfet. Ka kulle ɓarawo ke nan ka ba abokinsa makulli.

Injiniya Bashir
Ya saki, sai ya je ina? Yana fita kalsiyom na bakin ƙofa. Kuma ba wanda ya ce durom shi kaɗai zai yi gadin shekara dubu hamsin. Ramin binne shara da ake shiryawa a Bure na Faransa mita 500 ne a cikin yumɓun da ruwa ba ya ratsawa sai da ƙyar. Dutsen ne mai gadi na gaskiya, siminti ɗan rakiya ne. Ke kina son kwalin ya yi aikin da ƙasa za ta yi kyauta.

Dakta Hadiza
Ina son in dutsen ya ba mu kunya a samu na biyu.

Zulaihat
Bari in ba ku labarin abin da ya same ni, don ni na taɓa gwada gasa abin nan da hannuna, amma da bariyom kabonet na kanti wanda ba shi da radiyeshin. A littafi an ce shi ba ya rabuwa sai wuta ta wuce digiri 1,300, ba kamar na kalsiyom ba da ke sallamawa tun wajen 900. Na ce shi ke nan, ina da fili. Na gauraya shi da garin titaniyom oksaid don in samu tangaran mai ƙarfi, na danne su a injin matsi suka fito kamar maɓallan riga, guda shida, kowane na auna shi a sikeli har lamba huɗu bayan ɗigo. Na jera su a ɗan kasko, na sa tanderu a 1,100, na tafi gida ina murna.

Da safe na buɗe, ga su nan sumul, sun yi tauri, har ƙara suke in ka ƙwanƙwasa su da hantsaki. Na ɗora na farko a sikeli sai na ga ya yi sauƙi. Na ce sikelin ne, na goge, na sake saita shi, na sake aunawa. Duk shidan haka. Da na zauna na yi lissafi, nauyin da ya ɓata daidai yake da nauyin CO2 da ke ciki tun farko. Ba ko ɗigon kabon da ya rage. Malamina ya duba ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce barka, kin ƙera bariyom titanet, abin da masu yin kayan lantarki suke yi da gangan tun kafin a haifi babanki. Da na gaske ne da na tura shi duka ta bututun hayaƙi.

Auwal
Kai! Allah ya kiyaye gaba, 'yar'uwa.

Dakta Hadiza
Zulaihat, wannan labarin naki ya fi duk bayanina. Lambar 1,300 ɗin ta bariyom kabonet ce in yana zaune shi kaɗai. Da ya samu maƙwabci irin titaniya ko silika ko alumina, sai ya haɗu da shi tun wuta ba ta kai nan ba, ya watsar da kabon. Shi ya sa Synroc, tangaran ɗin da Ted Ringwood ya fito da shi a Ostireliya a 1978, duk ƙwarewarsa wajen riƙe fulutoniyom da siziyom, ba gidan kabon ba ne. Yawancinsa titaniya ce.

Matsalar ke nan a dunƙule. Tangaran ba ya yin tauri ya toshe ramukansa sai da wuta, kabon kuma wuta ke korar sa. Duk binciken da ake yi hanyar kewaye wannan ake nema, kuma hanyoyin da na sani uku ne, ko in ce biyu da rabi.

Ta farko, a hana iskar wurin zuwa. Wannan dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Wani masanin duwatsu ɗan Sikotlan, Sir James Hall, a farkon shekarun 1800 ya riƙa cusa garin alli cikin bututun bindiga, ya toshe bakin gam, ya tura cikin wuta. Da yawa sun yi yoyo, wasu sun fashe. Amma waɗanda suka jure, da ya buɗe sai ya tarar allin bai koma toka ba, ya dunƙule ya zama kamar dutsen mabul. CO2 ta so fita, ba hanya, matsin da ta tara shi ya hana sauran rabuwa. Yau haka ake yi da na'ura: a zuba gari cikin gwangwanin ƙarfe, a zuƙe iskar ciki, a yi masa walda, a sa shi cikin tukunyar da ke matsa shi ta kowane ɓangare da iskar agon, matsi kamar ninki dubu na iskar da muke shaƙa, ga kuma zafi. Gwangwanin yana fitowa a lotse kamar an taka shi, abin ciki ya zama dutse guda. Ba bututun hayaƙi ma balle wani abu ya bi.

Ta biyu, a rage wutar. Akwai masu tura lantarki ta cikin garin yana ƙarƙashin matsi, a gama cikin mintuna kafin kabon ya farga. Akwai kuma abin da aka fito da shi a jami'ar Penn State wajen 2016, a ɗiga wa garin ɗan ruwa a matse shi a ƙasa da digiri 300. Masu son afatait, ma'adinin da ke cikin ƙashi da haƙori, nan suka fi karkata, tunda ƙashi da kansa yana ɗauke da kabonet a cikin ginin ƙwayoyinsa. Sai dai abin da yake iya ɗauka kaɗan ne.

Malam Nasiru
Rabin fa?

Dakta Hadiza
Rabin ita ce na fi so, ita ce kuma ta fi wuya. A raba kabon da oksijin gaba ɗaya, a aurar da shi ga silikon. Silikon kabaid, wanda ake yin dutsen wasa wuƙa da takardar goge ƙarfe da shi. Kabonet ko yaya ka gasa shi gishiri ne, asid kaɗan zai sa shi kumfa, kuma ko bai narke ba yana musayar kabon da ruwan da ke taɓa shi, na ciki ya fita na waje ya shiga. Silikon kabaid ba ya wannan. Asid ba ya cin sa, wutar da ta haura digiri 2,000 ba ta narkar da shi. Kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa kabon ne, na bariyom kabonet kuwa kashi 6 ne kacal. Kuma an riga an san halinsa a cikin tukunyar nukiliya, don shi ne ɓawon da ke kewaye da ƙwayoyin wani irin man nukiliya da ake kira TRISO. In kuna son shaidar daɗewa, dutsen da ya faɗo daga sama a Murchison ta Ostireliya a 1969 an samu 'yan ƙwayoyin silikon kabaid a cikinsa da suka girmi rana.

Injiniya Bashir
Sun girmi rana a inda ba ruwa ba iska, Dakta. Kawo su ƙarƙashin ƙasa mu gani. Sannan gaya wa jama'a yadda za ki tashi daga CO2 ki isa can. Sai kin ƙwace oksijin da haidurojin ko wani abu, ki samu baƙin gari, ki haɗa shi da silikon a sama da digiri 1,400. Mataki uku ko huɗu, kowane da bawul ɗinsa da famfonsa da wurin yoyonsa, duka da iska mai radiyeshin, kuma hayaƙin tukunyar ba kabon kaɗai ne ciki ba, akwai aidin-129 da kiriftan-85. Maganar Baba Alhaji ta dawo: wa zai shiga ya gyara in ya lalace?

Ga wani abu kuma da ba a faɗa ba. Giram ɗaya na tsantsar kabon-14 bekarel biliyan 165 ne. Ko masana'anta ta fitar da tiriliyan 16 da rabi, giram ɗari ke nan, cikin tafin hannu. Abin da ke cika durom kabon ne na banza, wanda ya biyo iskar da ake hurawa cikin na'urori soda ta kama shi tare. Kenan tanderunki mai tsada yawanci iskar gari zai riƙa gasawa.

Dakta Hadiza
Wannan gaskiya ce, shi ya sa na ce rabi. Ga hayaƙin masana'anta, ni ma da za a ba ni zaɓi yau gwangwanin matsi zan ɗauka. Inda silikon kabaid ya fi dacewa shi ne girafait, don can kabon ɗin yana nan a daskare, ba sai an ƙwato shi daga iska ba. Duniya na da kimanin tan 250,000 na girafait da ya sha niyutiron, daga tashoshin Magnox da AGR na Birtaniya, da irin RBMK na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, da tsofaffin na Faransa. Yawancin kabon-14 ɗinsa a fatar tubalan da bangon ramukansu yake, inda nitirojin ya laɓe. In aka iya kankare wannan fatar da zafi aka tattara ta, sai a nema mata gida mai kyau, sauran tulin ya sauka zuwa shara mai sauƙi.

Auwal
To ai ni ban ga dalilin binne shi ba ma! Na ga labari cewa jami'ar Bristol da hukumar makamashin nukiliya ta Birtaniya sun yi batir na daimon, wato lu'ulu'u, da kabon-14 a ƙarshen 2024. Batirin da zai yi shekara dubu biyar! A mai da sharar duka batir kowa ya huta da caji.

Zulaihat
Auwal, wayarka ba za ta ko kunna fitilarta da shi ba. Wutar da yake bayarwa ana auna ta ne da kashi ɗaya cikin miliyan na wat. Na 'yan na'urori ne da ba a iya kai hannu a canza musu batir, irin na cikin jiki ko na sararin samaniya.

Dakta Hadiza
Haka ne. Amma kar a yi masa dariya, daimon ma gidan kabon ne, kuma da wuya a samu wanda ya fi shi. Giram nawa za a iya yi, nan gizo ke saƙar.

Malam Nasiru
Wata tambaya ta zo mini. Kowace ƙwayar kabon-14 in ta mutu nitirojin take komawa. Kenan a cikin tangaran ɗin gurbin kabon zai wayi gari da baƙo. Ba zai rusa ginin ba?

Dakta Hadiza
Tambayar ɗalibi mai kyau, Malam, ka ba su ita a jarrabawa. Da tsantsar kabon-14 aka yi shi da abin dubawa ne sosai. Amma kamar yadda Injiniya ya nuna, ƙwaya ɗaya ce cikin dubbai ko fiye, kuma a tsawon dubban shekaru suke juyawa ɗaya bayan ɗaya. Silikon kabaid ma da gangan masu kayan lantarki suke sa masa nitirojin. Harbin da yake yi kuma mai rauni ne, ba irin na fulutoniyom ba da ke ragargaza ginin tangaran daga ciki.

Alhaji Garba
Na saurare ku duka. Har yanzu ban ga wanda ya taɓo abin da ya fi damun masu lissafin ramukan binnewa ba. Ku kuna ta faɗa kan wanda aka kama a bututu, wanda yake kabonet ne mai ladabi. Wanda ya rage cikin kwanson zakoniyom da ƙarafan da aka yayyanka fa? Waɗannan in sun yi tsatsa a ƙarƙashin ƙasa inda ba oksijin, kabon ɗinsu ba lallai ya fito a kabonet ba. Yana fitowa a iskar metan, ko 'yan ƙananan asid irin na ruwan tsami. Metan ba ruwansa da kalsiyom ɗin Bashir. Tsatsar kuma tana samar da haidurojin mai yawa, shi zai goya shi ya nemi hanyar sama. Tarayyar Turai sai da ta yi shirin bincike guda a kan wannan, mai suna CAST, daga 2013 zuwa 2018.

Injiniya Bashir
Wannan kam siminti ba shi da amsarta, Baba. Abin da yake yi kawai shi ne rage saurin tsatsar.

Dakta Hadiza
Tangaran ma ba shi da ita, sai in za a narkar da ƙarafan a ƙone kabon ɗin a kama shi, wanda wani babban aiki ne. Amma Baba, ka lura ka bar layinka? Ɗazu ka ce a saki.

Alhaji Garba
Ban bar ko'ina ba. Na ce in akwai kuɗi, a kashe su inda ƙofa take a buɗe. A rage nitirojin tun wajen ƙera mai da kwanso, wannan ya fi kowane tanderu araha. Masu son man yuraniyom naitiraid kuma, wanda ake haɗawa da nitirojin, su san sai sun tace nitirojin-15, wanda bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nitirojin ɗin duniya ba, in ba haka ba masana'antar kabon-14 za su gina da sunan tashar wuta.

Auwal
Ni dai abin da na fahimta, a bar sandunan yadda suke a binne, kamar yadda Finlan ta tsara yi a raminta na Onkalo. Ba asid, ba hayaƙi.

Zulaihat
Kabon ɗin yana nan ciki dai, Auwal. Tagulla da yumɓu aka ba amanarsa.

Malam Nasiru
Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Darasin kwana ɗaya ya zama na mako. Zulaihat, in ba damuwa ki turo mini nauyin maɓallan nan shida, kafin da bayan wuta. Ina so yara su yi lissafin da kansu su gano me ya gudu, ba zan gaya musu ba.

Zulaihat
To Malam, littafin yana ɗakin gwaji, gobe in sha Allahu zan ɗauki hoton shafin. Na biyar ɗin kar ka yi amfani da shi, ya faɗi ƙasa gefensa ya ɓalle kafin in auna.

Injiniya Bashir
Dakta, ni kuma ina jiran ki nuna mini durom ɗari na gwangwaninki da aka yi da kabon-14 na gaske, ba na kanti ba. Ranar zan sa hannu.

Dakta Hadiza
Ka fara kawo mini simintin da ya shekara dubu uku, Injiniya, sai mu yi musaya.